Abin da Ya Sa Hannun Ubanku Ke Rawa

Na ji abin da ake gaya muku in kun je Gwandu, kuma na san bakin da maganar ta fito. Wai ni ce na kai ubanku asibiti aka ɗura masa ƙwayoyi har aka nakasa shi, wai da na bar maza sun yi abin da suka ga ya dace da yau yana nan garau. To ku buɗe kunnuwanku. Na tsufa, haƙorana sun kusa ƙarewa, amma hankalina bai je ko'ina ba, kuma ba zan shiga kabari in bar ku da rabin magana ba. Abin da zan rubuta nan ko a gaban Ladan, ƙanen kakanku Malam, sai in maimaita shi, shi ma ya san zan iya.

Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, shi ya sa sai na fara da ita, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗauke shi. Ubanku ɗan farina ne. Ana yaye shi Goggo, yayar Malam, ta zo Kalgo ta goya shi ta tafi da shi gidan gado a Gwandu, ni kuwa ina tsakar gida ina daka kamar ba abin da ya shafe ni. Tun daga ranar nake ce masa Ɗan Goggo. Kada wata cikinku ta ce rashin so ne. Wallahi so ne, sai dai an koya mana mu haɗiye shi, kuma muka haɗiye.

Ya tashi a Gwandu, ya koyi gyaran injin ban ruwa, da ya zama mutum ya dawo Kalgo kusa da mu saboda aikin fadama, aka aura masa uwarku Kulu. Hannunsa kuwa, Allah ya yi masa baiwa. Inji in ya ƙi tashi, sai ya kara kunne ya saurara, ya kwance wani ɗan abu ya hura ya mayar, sai ka ji ruwa ya kama gudu. Manoman shinkafa har daga Dangoma suke zuwa ƙofar gidanmu da sassafe suna sallama da shi. Ina ɗaki ina jin ana yabonsa, ba ni da bakin cewa komai, sai in yi ta murmushi ni kaɗai kamar sakarya.

A fadamar nan ya koyi shan wiwi. Da farko wai don ƙarfin aiki ne, mutum ya wuni cikin rana da taɓo bai gaji ba. Na fara ganin jan ido, da dariyar da ba dalili, da cin tuwo kamar an aiko shi. Daga baya abin ya juya: in bai sha ba ba ya cin komai, ba ya barci, magana kaɗan sai faɗa. Wani azumi ya yi niyyar bari da kansa, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma sai gumi da mafarkai da zafin rai suka taso masa, ko goma ta farko bai kai ba ya koma. Shekaru suka tafi a haka. Sai ya fara cewa ana zuba masa yashi cikin inji don a ɓata masa suna, sai ya ce maƙwabta na maganarsa ta bayan katanga, sai ya daina cin abincin Kulu wai tana sa masa wani abu. Ranar da abin ya kai maƙura, da la'asar ne, ya ɗaga sifanar da yake kwance inji da ita a kan Kulu, ke Nana kina goye a bayanta. Bai buga ba. Ya tsaya da hannu a sama yana huci, sannan ya jefar da ƙarfen ya tsuguna ya rushe da kuka. Ni ina ƙofar madafa da muciya a hannu, na kasa gaba na kasa baya.

Washegari Malam ya aika aka kira Ladan daga Gwandu, tunda Goggo ta riga mu gidan gaskiya, shi ne babba a gidan gado. Suka zauna a zaure, ni ina bayan ƙyaure ina jin su.

"Yaya, wanga yaro mari shika so," in ji Ladan. "Akwai wani malami can bayan Maruda, in anka sa mai ƙarfe ga ƙafa anka ba shi rubutu, wata shida sai ka ga ya dawo kamar ɗan rago."

Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Haka yake, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyi kamar randa. Ni kuwa na taɓa ganin wanda ya fito daga irin gidan nan, da gyambo a idon sawu da tabon bulala a baya, kuma bai yi sati ba ya koma ga abin da ya bari. Amma ta yaya zan buɗe baki in yi maganar ɗan fari? Sai da na kai wa Malam abinci na tsuguna nesa, na bi ta bayan gida.

"Malam, Ɗan Goggo amana ne. In anka ɗaure shi ya mutu ga mari, mi za mu ce ma Goggo ranar gobe?"

Ya jawo kwanon tuwon gabansa. Sannan ya ce, "Sai ki ce a kai shi asibiti."

"Ni ban ce komi ba," na ce. Na tashi na ba shi wuri.

Wannan ita ce kaɗai maganar da na yi, kuma ita ce ta sa ake cewa ni na kai shi. To na karɓa, ni na kai shi. Har rakiya na yi, da sunan zan riƙe wa Kulu jinjira.

Likitar da muka samu mace ce, mutuniyar wajen Zuru, Kirista, ba ta da tsawo amma maganarta ba kwana-kwana. Ta daɗe tana hira da shi su biyu, sannan ta kira mu. Ban manta abin da ta ce ba, domin ban taɓa jin mai magani ya faɗi iyakar maganinsa ba sai ranar.

"Baba, bari in gaya muku gaskiya. Ba mu da ƙwayar da ke cire son wiwi daga zuciyar mutum. Duk wanda ya ce muku yana da ita, ku bar shi da Allah. Abin da za mu ba shi taimako ne kawai. Wannan babbar, ita za ta kwantar da zargin da yake yi da muryoyin da yake ji. Wannan ƙaramar kuwa abokiyar tafiyarta ce, domin babbar takan sandarar da jiki, ita ce ke hana hakan. Ga ta barci, ta ɗan lokaci ce. Sauran aikin nasa ne da naku: ya riƙa zuwa muna zama muna magana, ya nisanci abokan shan. Kuma duk wata ku kawo shi in duba, domin so nake in riƙa ragewa, ba ƙarawa ba."

Suka kwantar da shi na wasu makonni. Ranar da ya dawo gida ya tsuguna ƙofar ɗakina ya gaishe ni da muryarsa ta da, idonsa fari tas. Na amsa a taƙaice ina kallon bango yadda aka saba, amma da ya tashi sai da na yi sujada a kan tabarma. Na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Tunda likita ta ce ya nisanci abokai, maza suka yanke ya koma Gwandu wajen Ladan shi da Kulu har ya yi ƙarfi. Shawara ce mai kyau, ban ƙi ta ba ko a zuci. Malam ya damƙa wa ƙanensa ledar magani hannu da hannu, ya maimaita masa duk abin da likita ta ce, har da komawa duk wata. Sai damina ta faɗi, kowa ya shiga gona, hanya ta ɓaci. Duk wanda ya zo daga Gwandu labari ɗaya yake kawowa: Ɗan Goggo ya natsu, Ɗan Goggo ya zama mutumin kirki, ko ɗaga murya ba ya yi. Malam yana ta hamdala. Ni kuwa ban yarda ba, domin yaron nan tun yana ƙarami ba mai zama wuri ɗaya ba ne, kuma ban ji wanda ya ce ya gan shi ya taɓa inji ba. Amma ba ni da ikon tambaya. In na ce yaya jikinsa, sai mata su kalli juna su ce tsohuwa ta fara zubar da girma. Na yi ta haɗiyewa damina guda, har aka yi girbi.

Da kaka matar ɗan Ladan ta haihu, muka tafi suna ni da Malam. Muna isa na bi ta zaure zan shiga cikin gida, kaina a ƙasa yadda ya kamata, sai na hango shi ta wutsiyar ido. Yana zaune a gefen tabarma cikin farar riga, ya yi ƙiba irin ta kumburi, hannuwansa a kan gwiwa kamar an ajiye masa su. Fuskarsa ba motsi, ko ƙifta ido ba ya yi sosai, kuma yawu na bin gefen bakinsa yana ɗiga a kan rigar. Ya gan ni. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin gaisuwar ta fito, a hankali, kamar mai magana da tuwo a baki. Wani dattijo a wurin ya ce wa Malam:

"Ka gani ko? Wanda da ba ya zama, yanzu ga shi kamar ɗan makaranta. Ladan ya yi aiki, Allah shi biya shi."

Na wuce, amma ban je ɗakin mai jego ba, na zarce bayan madafa inda na hango Kulu tana wanke kwanoni. Ta rame, ta yi baƙi. Tana ganina ta saki kwanon ta kama zanena.

"Inna, za su kashe shi. Wallahi za su kashe shi, kuma ba su sani ba."

Ban ce mata wa ba. Na tsaya kawai, ita kuma ta zazzage mini duka. Tunda suka zo ba a koma asibiti ba ko sau ɗaya, Ladan ya ce aikin gona ya yi yawa, kuma tunda magani ya karɓe shi mene ne na wahalar hanya. Da maganin ya ƙare sai ya ɗauki fankon kwalin ya kai wani kemis a kasuwa aka ba shi irinsa. Ƙaramar ƙwayar kuwa tun makon farko ya zubar da ita a masai, domin wani ya gaya masa ita ce 'yan ƙwaya ke saye a bayan tasha suna sha don maye, ya ce shi ba za a raina masa hankali a ba mashayi abin maye da sunan magani ba. Babbar ce ya riƙe. Kuma duk ranar da ubanku ya ce jikinsa na ɗaurewa, ko ya ce yana son komawa Kalgo, sai Ladan ya ce ciwon ne ke motsawa, ya ƙara masa guda. Kulu ta yi magana sau ɗaya aka ce mata suruka ba ta sa baki a sha'anin maza.

"Ke ce uwarshi, Inna," ta ce tana kuka. "In ba ki yi magana ba, wa za shi yi?"

Na je na zauna cikin mata, aka miƙo mini jinjiri na karɓa, aka kawo fura na kurɓa ban ji ɗanɗanonta ba. Zuciyata na ta lissafi: in bari a watse in gaya wa Malam a hanya, shi kuma ya nemi lokacin da zai yi wa ƙanensa magana cikin ladabi, a yi ta jan ƙafa har wata ya sake kamawa. Ina cikin wannan sai muka ji hayaniya daga zaure, ana salati. Kulu ta leƙa ta ƙwalla ƙara. Na miƙa wa ta kusa da ni jinjirin na tashi.

Daga bakin ƙofa na gan shi. Wuyansa ya murɗe gefe guda kamar an kama an juya, idanunsa sun kafe sama sai fari, harshensa ya fito ya kasa mayarwa, yana wani irin gurnani yana neman numfashi. Maza sun kewaye shi. Wani na cewa iska ce, a kawo garwashi da hayaƙi, wani na cewa wiwin ce ke fita daga jikinsa, a bar shi. Ladan kuwa ya zura hannu a aljihu ya fito da ƙwayar, yana cewa a kawo ruwa a buɗe masa baki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban san lokacin da na tsallaka dokin ƙofa ba, sai ganina na yi tsakiyar maza, mayafina ya zame, na durƙusa na tallafi kansa. Rabona da taɓa shi tun ranar da aka yaye shi.

"Bello!" na ce. "Bello, ga ni. Ga ni nan."

Zauren ya yi tsit. Har mai gurnanin ya ɗan lafa, domin shi ma bai taɓa jin sunansa daga bakina ba. Ladan ne ya fara dawowa hayyacinsa.

"Subhanallahi! Ke, mi kika biɗa cikin maza? Ɗanki na hwari fa! Ina kunya tat tahi?"

"Kunya ta mutu, Ladan, yanzu na rufe ta. Mayar da wagga ƙwaya aljihunka. In ka sa mai ita ga baki, wallahi sai dai ka sa mini tare da shi."

"Yaya, kana ji? Kana jin abin da matarka ka hwaɗa mini cikin gidan ubana? Ni da na riƙe shi damina guda, na ciyar da shi, na raba shi da 'yan iska? Da hauka kunka kawo mini shi, ga shi na maido muku mutum!"

"Wanga ne mutum?" na ce. "Dube shi da kyau! Ka maido mini turmi, ka ce mutum!"

Duk idanu suka koma kan Malam. Ku gane matsayin da na jefa shi: ga ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ranar sunan jikan Ladan ɗin, gaban dattawan unguwa, ga matarsa da ta yi abin da ba a taɓa yi ba. In ya ce mini tashi ki koma cikin gida, dole in tashi, kuma na san da na juya baya za a buɗe bakin nan a zuba. Ina jin wuyan Bello a hannuna ya yi tauri kamar itace. Malam ya dubi ƙanensa, ya dube ni, ya dubi yaron. Ni dai a raina ina ta ya Hayyu ya Ƙayyumu.

"A biɗo mota," ya ce.

"Yaya..."

"Na ce a biɗo mota, Ladan."

Wata a-kori-kura aka samu da ta sauke albasa, muka shimfiɗa shi a baya, kansa a cinyata, Kulu ta riƙe ƙafafunsa. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Duk ramin da muka faɗa sai numfashinsa ya sarƙe, sai in kira sunansa, in sake kira, kamar ina biyan duk na shekarun da ban kira ba. Da muka isa suka yi masa allura, kuma ikon Allah, kafin mu idar da sallar da ta kuɓuce mana wuyan ya saki, harshen ya koma. Ya buɗe ido ya ce yana jin ƙishirwa.

Likitar ta zo ta tambayi yadda aka yi, Kulu ta gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, amma na ga ta dafe goshi. Ta ce gaskiya ne wasu na shan ƙaramar ƙwayar ba bisa ƙa'ida ba, amma shi don kariya aka ba shi, kuma da an zo an tambaye ta da ta bayyana. Ta ce abin da ya sha a watannin nan ya ninka abin da ta rubuta, a lokacin da ya kamata a ce an rage. Ta canja masa wani magani, ta gargaɗe mu kada a yanke rana ɗaya, a bi a hankali. Sannan ta dube ni ta ce:

"Mama, sandarewar za ta tafi, yawun zai tsaya. Amma kin ga yadda leɓensa ke motsi, da wannan rawar hannun? Za mu yi iya ƙoƙarinmu, sai dai ba zan yi miki alkawari ba. Wani lokaci irin wannan ba ya barin mutum."

Bai bar shi ba. Shi ne kuke gani har yau.

Zan yi wa Ladan adalci, ko da shi bai yi mini ba. Ba mugu ba ne. Ya ga yara a bayan tasha suna haɗiyar ƙwayar nan da idonsa, kuma a wajenmu in marar lafiya ya yi shiru cewa ake ya samu sauƙi. Kowa a zauren nan haka ya ɗauka, ba shi kaɗai ba. Amma bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba, ya ga ya fi sauƙi a ce maganin asibiti ne ya lalata yaro, kuma uwarsa marar kunya ce ta kai shi. Abin ya ci mini. Matan gidan gado suka daina aiko mini da goron biki. In na shiga taro sai a yi ƙus-ƙus, ga wadda ta rungumi ɗan fari gaban maza. Malam da ƙanensa kuwa gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninsu har Malam ya koma ga Allah, kuma na san abin ya yi masa ciwo, ko da bai taɓa ɗora mini laifi ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, har gobe.

Muka dawo da shi Kalgo, wannan karon maganin a hannun Kulu, kuma duk wata ni da ita muke raka shi. Hankalinsa ya dawo sarai, ƙibar ta sauka, ya fara dariya. Amma tsorona bai kwanta ba, domin ga shi ya dawo kusa da fadama, kuma likita ta riga ta faɗa mana son abin nan ba ƙwaya ke cire shi ba. Da noman rani ya kama, wani tsohon abokin cinikinsa ya zo ya roƙe shi ya duba masa inji. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita da murna kamar ranar sallah. Na bi shi da ido ina addu'a.

Bayan azahar ya dawo. Bai shiga ɗakinsa ba, ya zo inda nake zaune ina tsince shinkafa, ya tsuguna. Taɓo har gwiwa, idonsa ya kaɗa. Ya ce ya gane ciwon injin tun daga jin ƙararsa, ya kwance, amma ɗan ƙaramin noti ya gagare shi mayarwa. In ya kai hannu sai hannun ya kauce, notin ya faɗi cikin taɓo, a tono, ya sake faɗuwa, mutane na tsaye suna kallo, har mai injin ya ce ya bari kawai, Allah ya ba da lafiya. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙulli a takarda ya ajiye a gefen faifaina. Ba sai an gaya mini ko mene ne ba, warin ya isa.

"Wani ya ba ni ga hanya," ya ce. "Sun ce in na ja sau guda hannun na tsayawa cak. Sun ce sun ga wanda ya yi."

"Ka sha?"

"Ban sha ba. Amma Inna, ina so. Wallahi ina so kamar in mutu. In gaskiya ne fa? In na sha na koma aikina fa?"

Jikokina, ban san ko ƙarya suka yi masa ba a lokacin, sai daga baya likita ta ce zancen banza ne. Ba ni da hujjar da zan ba shi. Kuma na san in na fizge ƙullin na jefar, gobe akwai wani a bayan tasha, ba zan iya bin sa ko'ina ba. Na ture faifan gefe na dube shi ido cikin ido.

"Bello, ban iya ce maka hannunka za shi warke, likita ma ba ta ce ba. Ban iya maido maka aikinka. Ga shi nan gabanka, ba ni taɓa shi. Amma ka tuna wanga hannu, sadda ba shi rawa, kan wa ka ɗaga shi."

Ya sunkuyar da kai. Ke Nana lokacin kin fara tafiya, kina can gindin turmi kina wasa da murfin kwano, Kulu na tsaye ƙofar ɗaki ta toshe baki da gefen zane. Ya daɗe a tsugune, har na ji an fara kiran la'asar. Sannan ya kai hannu zai ɗauki ƙullin, hannun ya kauce, ya sake kaiwa ya kama shi da hannu biyu. Ya miƙe. Ƙofar gida na hannun dama, bayan gida na hannun hagu. Ya yi hagu. Muka ji ya ɗaga murfin masai, muka ji ya mayar.

Da ya fito ya ɗauki buta zai yi alwala, ruwan na zuba ko'ina ban da inda yake so. Kulu ta taso za ta karɓa ta zuba masa, ya ce ta bari.

"Haka za ni zama da shi," ya ce. "Gara in saba."